GitHub Actions: kayan aiki ne mai kyau, amma sai ka hana shi maimaita aikin jiya

In kana tambaya ko GitHub Actions, wato kayan da ke haɗa kod ya gwada shi da kansa duk sanda ka tura, ya isa a yi aiki da shi, ga amsar tun daga sama: eh, ya isa, musamman in dama kod ɗinka a GitHub yake zaune, shafin da ake ajiye kod. Amma yadda yake zuwa ɗin nan, ba a gyara masa komai ba, gaskiya ba shi da sauri, kuma ba zai taɓa ce maka malam kana asarar lokaci ba. Shi dai ka ba shi aiki ya yi, ko da aikin da ya gama yanzun nan ne zai sake shi daga farko ko a jikinsa, kai kuma kana zaune ka zuba tagumi kana kallon ɗigon ruwan ɗorawan nan yana ta juyawa a gefen komit ɗinka, wato canjin kod ɗin da ka tura.

Ga 'yan uwa da ba su shiga harkar sosai ba, abin da ake ce wa CI shi ne duk sanda ka tura kod, wata kwamfuta can a wani wuri ta ɗauka, ta haɗa manhajar, ta gudanar da gwaje-gwajen da kuka rubuta, in komai lafiya ta buga koren maki, in wani abu ya karye ta buga jan kuros kafin kod ɗin ya shiga babban reshe, wato ainihin kod ɗin da kowa ke aiki a kai, ya ɓata wa kowa rana. An sanar da GitHub Actions a 2018, shekarar da Microsoft ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5, sai a 2019 ya zama cikakken kayan CI. Kafin nan Travis CI ne ke tashe wajen masu buɗaɗɗen kod, kamfanoni kuma suna ta fama da Jenkins a sabarsu. Da Travis ya rage kyautar da yake yi a ƙarshen 2020 sai jama'a suka yi ta ƙaura, yawanci nan suka sauka.

To me ke jawo jinkirin? Abu ɗaya ne tushensa. Kowane aiki da ka rubuta a fayil ɗin YAML, wato fayil ɗin da kake jera wa Actions abin da zai yi, sabuwar kwamfuta fil ake tayar masa, wadda ba ta san ka ba, ba ta san furojet ɗinka ba, in ya gama kuma a rushe ta. Kamar mai shayin da duk kwastoman da ya zo sai ya tashi ya je kasuwa ya sayo buta da gawayi da ganye, ya hura wuta, ya zuba kofi ɗaya, sannan ya watsar da komai ya jira na gaba. Tsafta kam akwai, don ba yadda za a yi dattin aikin jiya ya shafi na yau, kuma wannan ne ma ya sa in ya ce kore ne za ka yarda. Amma fa duk laburaren da furojet ɗinka ya dogara da su, wato kod ɗin wasu da kake amfani da shi, sai an sake sauke su, duk abin da aka haɗa sai an sake haɗawa. In ka buɗe aikin ka duba lokacin da aka rubuta a gefen kowane mataki, wanda na yaba musu don a fili yake ba sai ka sa wani abu ba, sau da yawa za ka tarar gwajin kansa ba shi ne mai cin lokacin ba, shirin da ake yi kafin a kai gare shi ne. Shi ya sa nake cewa kafin ka taɓa komai ka fara duba lambobin nan, kar ka je kana gyaran abin da ba shi ke ciwo ba.

Maganar kuɗi kuma tana da nata salon. In rifo ɗinka, wato ma'ajiyar kod ɗinka a GitHub, a buɗe yake ga kowa, injinan yau da kullum kyauta ne, kuma tun farkon 2024 suka ƙara musu ƙarfin furosesa zuwa kor 4 da memori gigabait 16. In kuwa rifo na sirri ne, wanda shi ne na yawancin masu yi wa kwastoma aiki, kor 2 za ka samu, da minti 2,000 a wata a tsarin kyauta, 3,000 a tsare-tsaren biya na Pro da Team. Abin da mutane ba sa lura da shi, kowane aiki ana cike masa mintinsa ne zuwa sama. Wato aikin da ya ɗauki minti 1 da sakan 5, minti 2 za a rubuta maka. In ka yayyanka abinka zuwa ƙananan ayyuka goma sha wani abu don ya yi kyau a ido, kowanne yana cin wannan cikon, kafin tsakiyar wata ka ji mintoci sun ƙare. Windows ya fi Linux tsada kusan ninki 2, macOS kuwa kusan ninki 10, haba. Masu haɗa manhajar waya da Flutter da React Native ku ji da kyau, ba dalilin da zai sa gwajin da zai gudu lafiya a Linux ku ɗora shi a kan macOS, ku bar macOS ɗin sai ranar da za a haɗa na iPhone. Mu da sai an yi lissafin canjin dala kafin a biya komai, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yanzu ga inda naman yake, wato kash, ajiyar abin da aka riga aka sauke don kar a maimaita. Dabarar ita ce ka ce masa, folda kaza in ka gama ka dunƙule ta ka ajiye min da suna kaza, gobe in ka zo ka nemi sunan, in ka samu ka kwance kawai ba sai ka sake saukewa ba. Sunan nan shi ake ce wa mabuɗi, kuma yawanci ana haɗa shi ne da `hashFiles` na fayil ɗin da ke riƙe da jerin laburare, irin su `package-lock.json`, ta yadda in jerin bai canja ba mabuɗin ma ba zai canja ba. Sun sauƙaƙa abin sosai yanzu, a `setup-node` layi ɗaya ne ka rubuta `cache: npm` shi ke nan, haka `setup-python` da pip, haka `setup-java` da Gradle ko Maven. In da `actions/cache` kake aiki, wato kayan da ke yin wannan ajiyar, ranar farko za ka ga an rubuta maka `Cache not found for input keys` a cikin bayanan aikin, kar ka damu, na gaba sai ka ga `Cache restored from key`, wallahi ganin layin nan daɗi gare shi.

Sai dai kash ɗin nan yana da dokoki da in ba ka san su ba za ka yi ta zaton yana aiki alhali fanko ne. Na farko, in an ajiye abu da wani mabuɗi to an rufe, ba a sake rubutu a kansa. In mabuɗinka suna ne tsayayye da ba ya canjawa, to abin da aka ajiye ranar farko shi za a yi ta dawo maka da shi har illa masha Allahu, laburare sun tsufa, kowace rana ana sake sauke sababbin a kai, kai kuma kana ganin layin nan mai daɗi kana murna. Sannan ba ya ajiyewa sai aikin ya gama lafiya, in gwaji ya faɗi an tashi a tutar babu. Ga kuma maganar rassa, reshe yana iya karanta kash ɗin babban reshe da na reshen da zai koma cikinsa, amma ba ya iya taɓa na ɗan uwansa da ke gefe. Kash ɗin da PR ya ajiye, wato buƙatar a haɗe reshenka da wani, shi kaɗai zai ci abinsa.

Wannan na ƙarshen shi ke haɗuwa da iyakar gigabait 10 da ake ba kowane rifo kyauta su haifi matsala. Ka ɗauka ku biyar ne a tim, kowa ya buɗe PR, kowane PR ya ajiye nasa dunƙulen, wurin ya cika, sai tsarin ya fara share waɗanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba, kuma duk wanda ya kwana 7 ba a nema ba dama tafiya zai yi. Ana cikin haka sai na babban reshe, wanda shi ne kowa ke amfana da shi, ya bi ruwa, don kash ɗin wani PR da aka riga aka rufe ya samu wurin zama. Ba wani saƙo da zai zo maka, kawai za ku ga abu ya koma jan ƙafa kuna tambayar juna wa ya taɓa me. Maganin da na fi yarda da shi, tunda GitHub sun raba kayan kash ɗin gida biyu, `actions/cache/restore` da `actions/cache/save`, shi ne PR ya riƙa karantawa kawai, babban reshe kaɗai ke ajiyewa. Akwai shafi a ƙarƙashin Actions da ke nuna duk kash ɗin da ke ajiye da girman kowanne, ka riƙa leƙawa, za ka sha mamakin abin da ke cinye wurin. A ganina gigabait 10 ɗin ya yi kaɗan ga furojet na zamani, kuma ya kamata a ce tsarin da kansa yana ba na babban reshe fifiko ba sai mutum ya yi wannan dabarar ba.

Wani abu kuma, ba komai ake sa wa kash ba. Mutane na son dunƙule `node_modules` gaba ɗaya, alhali in `npm ci` kake amfani da shi abu na farko da zai yi shi ne ya share foldar nan ya fara sabo, ka ga ka sauke kaya ka kwance don a zubar. Foldar da npm ke ajiye abin da ya sauke ita ce ta dace, kuma ita `setup-node` ke ɗauka. Sannan kash ma ai ta hanyar sadarwa yake zuwa, sai an sauke an kwance, in ya yi ƙato da yawa yana iya cin lokacin da ya kai na saukewa daga tushe. Wani lokacin canja kayan aikin ya fi kash ɗin amfani, misali masu Python da suka koma uv, wanda aka rubuta da Rust, ko masu JavaScript da suka koma pnpm. Masu C da C++ kuma ccache na nan tun da daɗewa, masu Rust ga sccache na Mozilla, su waɗannan ba laburare suke ajiyewa ba, sakamakon haɗa kowane fayil suke ajiyewa, fayil ɗin da bai canja ba ba a sake wahala a kansa.

Docker, kayan da ke dunƙule manhaja da duk abin da take buƙata a abin da ake kira hoto, shi ne babban mai cika wuri. Ana iya sa Buildx, mai haɗa hoton, ya ajiye matakansa a kash ɗin GitHub da `type=gha`, yana aiki kuwa, amma in ka ƙara masa `mode=max` zai ajiye har matakan tsakiya, kuma duk daga cikin gigabait 10 ɗin nan ne, shi kaɗai sai ya kori kowa. In hoton naka babba ne gara ka tura kash ɗin rajistar da kake ajiye hotunan da `type=registry`. Kuma duk wannan banza ne in Dockerfile ɗinka, wato fayil ɗin matakan haɗa hoton, ya fara da kwafe dukkan furojet kafin ya sauke laburare, don ko waƙafi ka canja a kod sai duk matakan da ke ƙasa su rushe. Fara kwafe fayil ɗin jerin laburare, a sauke, sannan sauran kod ya biyo.

Abin da ya fi kowanne araha, layi uku ne kacal, `concurrency` tare da `cancel-in-progress: true`. Kowa ya san halinmu, ka tura, ka tuna ka manta wani abu, ka sake turawa, ka ga kuskuren rubutu, ka ƙara turawa. In ba ka sa wannan ba duka ukun za su gudu har ƙarshe kuma duka za a caje ka, alhali na ƙarshen kaɗai ke da amfani. Da shi kuwa sabon na shigowa za a kashe tsohon. Ban san me ya hana su sa shi tun asali a PR ba, ko da yake mai sayar da minti ba zai yi gaggawar rage maka minti ba. Kawai dai kar ka sa shi a aikin da ke ɗora manhaja kan saba, don katse wannan a tsakiya ba alheri ba ne. Haka `timeout-minutes`, in ba ka rubuta ba minti 360 ne, wato gwaji ɗaya ya maƙale cikin dare ya zauna awa 6 yana shan mintocinka kana barci.

Sai tsallake aikin da bai shafi canjin ba. Da `paths` za ka ce in takardun bayani kawai aka taɓa kar a tayar da komai. Yana da kyau amma akwai tarko a ciki da ya kama mutane da yawa: in ka sa wannan gwajin cikin waɗanda dole su yi kore kafin a haɗe PR, kuma `paths` ya hana shi tashi, to zai tsaya ne yana nuna `Waiting for status to be reported`, ba kore ba ja, maɓallin haɗewa a kulle, ka yi ta jiran abin da ba zai zo ba. Hanyar fita ita ce a bar wokfulo ɗin, wato jerin ayyukan da ke fayil ɗin YAML, ya tashi, sai a tsallake aikin daga ciki da `if`, don aikin da aka tsallake ta haka ana lissafa shi kamar ya wuce. Wannan bambancin ba ya da wata ma'ana a wurina, amma haka abin yake.

A nan ne mutane ke ɗauko kayan wasu daga kasuwar Actions don gano fayilolin da suka canja, to a yi hattara. A watan Maris na 2025 an yi wa `tj-actions/changed-files` kutse, wanda sama da rifo 23,000 ke amfani da shi, aka karkatar da lambobin sigarsa zuwa wani mugun kod da ke fito da sirrikan aikin ya zuba su a bayanan da ake bugawa, a buɗaɗɗen rifo kuwa kowa na iya karanta bayanan nan. Waɗanda suka ɗaure shi da cikakkiyar lambar komit maimakon lambar siga ba su ɗauko mugun kod ɗin ba. Kasuwar nan ita ce babban ƙarfin GitHub Actions, kusan duk abin da kake so wani ya riga ya rubuta, amma duk wanda ka ɗauko ka ba shi makullin ɗakinka ne, garin neman sauri kar a yi gyaran gangar auzinawa.

In duk ka yi waɗannan kuma har yanzu gwajin kansa ne mai tsawo, sai rabawa. Da `matrix` kana iya tayar da injina da yawa lokaci guda, har aiki 256 a gudu ɗaya, ko da yake a tsarin kyauta 20 ne ke iya gudu tare, sauran su bi layi. Jest, kayan gwajin JavaScript, ya samu `--shard` na raba gwaji tun siga ta 28 a 2022, Playwright ma yana da shi, ka ce kashi 1 cikin 4, kashi 2 cikin 4, haka dai. Jira zai ragu, amma mintocin da ake caja ƙaruwa za su yi, don kowane kashi sai ya yi nasa shirin daga farko, shi ya sa in ba ka gyara kash ba tukuna rabawa ninka ɓarnar kawai za ta yi. Inda na ga GitHub sun gaza shi ne ba su da hanyar raba gwaji bisa lokacin da kowanne ke ɗauka. CircleCI, wani kayan CI na daban, yana da wannan a jikinsa, yana duba tarihin gudun baya ya daidaita kason. A nan kuwa sai ka ga kashi uku sun gama sun tafi, na huɗu ya kwashi duk masu nauyin shi kaɗai, kuma shi za a jira. Masu raba gwajin Python da pytest-xdist su ma su tuna kor 2 ne a rifo na sirri, `-n auto` ba zai yi abin al'ajabi ba.

Manyan injina akwai su ga masu Team da Enterprise, ana biyansu daban ba daga mintocin kyauta ba. Suna taimakawa in haɗa kod ɗin ne ke cin furosesa, amma in saukewa da jira ne matsalarka ka ƙara kuɗi ne kawai. Ɗaya hanyar ita ce ka sa injinka da kanka, kuma saitin ba wuya, 'yar manhaja ce kake sa wa kwamfutar ita ke kiran GitHub tana tambaya ko akwai aiki, ba sai ka buɗe wata ƙofa a rautarka ba. Daɗinsa faifan ba ya gogewa, laburare da matakan Docker suna nan zaune, saurin har ya ba ka mamaki. Amma wanda ke tunanin ajiye tsohuwar kwamfuta a lungun ofis a Kano ko Kaduna ya fara tambayar kansa wuta da data, don in NEPA ta ɗauke ko sabis ya yi ƙasa aikin zai tsaya a layi ne, in ya kwana ya wuni awa 24 ba injin da ya ɗauka a soke shi. In ba sola da intanet tsayayye gara ka yi hayar ƙaramar saba a waje. Sannan tsaftar nan da na yaba a sama ka rasa ta, dattin wani aiki na iya sa gwaji ya yi kore a injinka ya faɗi a ko'ina. Su kansu GitHub sun yi gargaɗi kar a haɗa irin wannan injin da buɗaɗɗen rifo, don baƙo na iya buɗe PR ya gudanar da abin da ya ga dama a kwamfutarka.

Abin da har yanzu ke ba ni haushi shi ne gwada fayil ɗin YAML kansa. Ba wata hanya ta hukuma da za ka gudanar da shi a kwamfutarka, sai dai ka tura ka jira ka gani, tarihin komit ya cika da gyara CI, sake gyara CI, don Allah ka yi aiki. Akwai wani kayan aiki mai suna act da ke kwaikwayonsa a cikin Docker, yana rage zafi amma ba daidai yake da na gaske ba. Dabarar da ta fi ita ce ka kwashe ainihin aikin ka zuba a sikirif ko Makefile da zai gudu ko'ina, YAML ɗin ya zama kira kawai yake yi, ranar da kuka ga dama ku koma GitLab ma ba za ku sha wuya ba. Maɓallin sake gudanar da ayyukan da suka faɗi kaɗai, ba duka ba, shi kam sun kyauta, sai dai yana koya wa tim lalaci, gwajin da ke faɗi yau ya wuce gobe a yi ta danna masa maɓalli maimakon a zauna a gyara shi.

Ga ɗalibi, ko mai aiki shi kaɗai, ko ƙaramin tim, ban ga dalilin zuwa wani wuri ba, minti 2,000 zai ishe ku in kun sa kash daidai, kun kashe tsofaffin gudu, kun bar macOS sai da dalili. In kuwa rifo ɗaya ne ƙato mai manhajoji da yawa a ciki, abin da ya zo da shi ba zai wadatar ba, sai kun ɗora Nx ko Turborepo ko Bazel a kai, su ne suka san wane sashe ya dogara da wane, su haɗa abin da canjin ya taɓa kaɗai, kuma a nemi wurin ajiye kash ɗinsu daban tun wuri don gigabait 10 ɗin ba zai ɗauke su ba.